Yadda Malam Jalo Ya Kawo Daji Cikin Kwarbai

A Kwarbai, cikin birnin Zazzau, in aka ce gidan Hajiya Umma ba a ƙara kwatance. Shekara bakwai ta yi tana aika dattawa zaure zaure kafin mazan unguwa su yarda matansu su riƙa fitowa da la'asar, sau uku a mako, su koyi karatu da rubutun boko a tsakar gidanta. Ba don sun ga amfanin abin suka yarda ba. Sunanta suka duba: 'yar malamai, jikar alƙali, wadda ta yi makarantar 'yan mata tun zamanin da ake ɓoye 'ya'ya a rumbu, kuma ba a taɓa jin abin kunya ya fito ta zaurenta ba. Duk da haka sai da mai unguwa Ja'afaru ya gindaya mata sharaɗi a gaban shaidu.

"Hajiya, amana ce muka ba ki. Ranar da aka ji wani abu, ko ƙanƙane ne, ranar aji ya tashi."

To, a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, mata ashirin da uku suka kammala. Aka sa ranar Alhamis za a raba musu takardun shaida. Jami'i zai zo daga Kaduna, maza za su zauna a farfajiya, mata kuwa a bayan zana.

Sai dai kowane gida da tasa jarrabawar. Ta Hajiya Umma ita ce ƙanenta, Malam Jalo, wanda ke zaune a shigifarta. Ya taɓa yin wata takwas a wajen wani Baturen likita mai binciken dafin maciji. Aikinsa shi ne ya rubuta suna a takarda ya manna a jikin kwalba, domin Allah ya ba shi kyawun hannu. Tun daga nan ba a isa a ambaci ko ƙadangaren bango a majalisa ba sai ya gyara zama ya gyara wa mutane magana.

Ranar Lahadi ya same ta tana jera takardu.

"Yaya, wannan taro naku ba shi da gishiri. Zan yi lacca."

"A kan me?"

"Macizai da ƙadangarun ƙasar Zazzau, mai kisa da marar kisa. Jami'in nan in ya ji ni, ba zai koma Kaduna ba sai da sunana a aljihunsa. A ba ni mota da lasifika in zaga ƙauyuka, in fid da mutanen daji daga duhu."

"Da baki kawai za ka yi ta?"

"Da baki mana," ya ce, yana duban azarar ɗaki.

Hajiya ta auna. In ta hana shi, kafin magariba majalisa ta ji cewa tana toshe wa ɗan'uwanta hanyar arziki. Ta ba shi minti biyar.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Bahago a kan keke da buhu a baya. Bahago manomi ne daga wani ƙauye a gindin dutsen Kufena, mijin Mero, matar da ke yi wa Hajiya surfe da daka, ta kuma zauna a ƙarshen tabarma in ana aji. Hajiya tana tsakar gida, bangon shigifa kuwa ba ya riƙe sirri.

"Ga guza, Malam. A kula da wutsiyar."

"Wannan damo ne."

"A bakin rafi na kama shi, Malam. Dubi tsawonsa, dubi zanen bayansa. Damo gajere ne mai kauri, a tudu yake zama."

"Bahago, wata nawa ka yi da likita?"

"Ko yini ban yi ba."

"To ni wata takwas. Damo ne, sarkin haƙuri. Kwance igiyar nan, ɗaure mai haƙuri zalunci ne."

Sai Hajiya ta ji wani sauti kamar an tsula wa jaki bulala, ta ji salati, ta ji buta ta kife.

"Haƙurin ya ƙare, Malam," in ji Bahago.

Kafin ta ɗauko mayafi, wani abu mai tsawon taɓarya ya ratsa tsakar gidanta ya shige kwata.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Kulu, maƙwabciyarta kuma ɗalibarta, matar Alhaji Haruna mai tufafi, wanda ya fi kowa ƙin ajin nan. Ta dire faifai cike da ɓawon ƙwai.

"Hajiya, kada ya shigo gidana."

"Kada a Kwarbai? Wane kogi ya kawo shi?"

"Kogin kwatarki. Da idona na ga ya ɓullo."

"Kwata hanyar ruwa ce, Kulu, ba ta tambayar mai wucewa inda ya fito." Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi. "Wannan kyauta ce, ba ramuwa ba. Alhaji ya ji?"

"Yana alwala abin ya bi ta kan ƙafarsa. Ya ce aljani ne, mu kuwa muka bar shi a haka."

"Kun kyauta. Alhaji ba ya son gardama."

Da Kulu ta fita, Hajiya ta kira Jalo. Ya zo yana ɗingishi, da shatin wutsiya a ƙwauri.

"Yaya, wani irin damo ne mai zafin rai, ba a cika samunsa ba. Amma na yi miki alkawari, daga yau ba za ki ƙara ganin komai ba."

Sai da ya tafi ta lura gani ya ce, bai ce kawowa ba.

Ranar Talata Bahago ya kawo hawainiya. Jalo ya ɗora ta a kan reshe a ƙofar gida, ya tara masu wucewa yana yi musu bayanin cewa duk daji babu mai nawa irin tata, taku ɗaya sai ta yi shawara da ƙafarta. Bayanin ya yi tsawo. Da ya juya domin ya nuna ta, reshe kaɗai ya gani.

Malam Mamman mai ɗinkin hula yana gyangyaɗi a gindin bedi, jingine da bango. Da ya farka ya gyara rawaninsa ya kama hanyar kasuwa. Ya ga mutane suna darewa suna ba shi hanya, masu gaisuwa suna gaishe shi daga nesa, har wani mahauci ya tashi tsaye ya ja da baya. Malam Mamman ya rage sauri, ya fara ɗaga hannu a hankali irin na manya. A ransa ya ce girman da ya daɗe yana jira ne ya iso. Ya zaga kasuwa sau biyu. Sai da ya koma gida matarsa Binta ta ƙwalla ƙara, ta nuna masa abin da ke zaune a ƙolin rawanin, ido ɗaya gabas ɗaya yamma.

Ya iso zauren Hajiya kai ba rawani.

"Jalo, ni za ka mayar abin kallo?"

"Malam, duk unguwar nan kai ta zaɓa. Ai abin godiya ne."

"Na zaga kasuwa da ita!"

"Sau biyu, na ji. Wa ya aike ka na biyun?"

Hajiya ta aika da goro da turare gidan Malam Mamman, da saƙon cewa hawainiya ba ta da ubangida. Da yamma mai unguwa ya aiko a gaishe ta, a kuma tambaya ko lafiya, domin ya fara jin ƙishin-ƙishin. Ta mayar da amsa cewa lafiya lau, damina ce, kowane ƙwaro ya fito.

Ranar Laraba ta shiga shigifa da kanta. Ta tarar da tukwanenta biyar, waɗanda take ajiye wa biki, jere a bango, kowace an rufe ta da faifai an danne da dutse, an manna mata takarda da kyakkyawan rubutu.

"Jiƙon magani ne, Yaya. Ba a buɗewa sai ya kwana uku."

Jiƙon da ke tukunya ta biyu ya motsa. Hajiya ta fita ta sami Mero a bakin turmi.

"Mero, don Allah gaya mini gaskiya. Me mijinki ya kawo mini gida?"

Mero ta jingine taɓarya. "Hajiya, babu mai kisa a ciki. Malam ya ce sai an kawo kububuwa da kasa da kumurci, Bahago ya ce ba ya kai gobe-da-nisa gidan da ake koya wa matarsa karatu. Sai ya kawo damatsiri, da ɗan mesa, da kulɓa, da jan gwada. Guzan nan ma ya kamo shi a bayan gidan Kulu."

"Shi Malam ya san haka?"

"An gaya masa. Ya ce ya fi mu sani."

Hajiya ta koma shigifa, ta yi magana a hankali domin kada bango ya ɗauka.

"Jalo, shekara bakwai na yi ina gina abin nan. Kafin rana ta fito gobe, tukwanen nan su bar ɗakin nan. In ba haka ba ku bar shi tare."

Ya dafa ƙirji. Da safe ta leƙa, shigifa fes, babu ko faifai. Ta yi hamdala, ta shiga hidimar baƙi.

Bayan la'asar farfajiya ta cika. Mai unguwa a kan kujera, Alhaji Haruna a damansa cikin shadda mai sheƙi, Malam Mamman da sabon rawani, sauran mazaje a kan darduma. Jami'in Kaduna, Malam Kabir, ya zo cikin kwat, ya zauna kusa da tebur wanda aka lulluɓe da farin ƙyalle har ƙasa. A bayan zana mata ashirin da uku sun ci ado, kowace ta riga ta huda wa idonta ƙofa da yatsa. Hajiya ta tsaya a bakin zana, inda take ganin kowane ɓangare.

Aka yi addu'a, jami'i ya yaba, mai unguwa ya ce shi dama tun farko yana goyon baya. Sai Malam Jalo ya miƙe cikin babbar riga da tabarau, ya kama farin ƙyallen ya yaye. Tukwane biyar suna ƙarƙashin tebur. Ya cika alkawari, sun bar shigifa.

Hajiya ta ji kamar an kwara mata ruwan randa a gadon baya. In ta yi magana, ta tona kanta a gaban baƙo. Ta kama addu'a a zuci.

"Jama'a," in ji Jalo, "dajin nan namu, daga Kufena har inda ciyawa ta ƙare, cike yake da halittu masu jan ciki. Akwai kasa mai barci a kan hanya, akwai kumurci mai tofi a ido, akwai kububuwa wadda in ta sari mutum gobe ta yi masa nisa. Ni da kuke gani na riƙe kububuwa da hannuna ya fi sau ɗari."

"Da ranta?" in ji Alhaji Haruna, yana janye ƙafafunsa.

"Alhaji, ilimi ba ya wannan tambaya."

Ya ɗora tukunya ta farko a tebur, ya ɗan ɗaga faifai ya leƙa, sai fuskarsa ta haskaka.

"Ga abin da na ajiye wa baƙonmu. A ɗakin likita na ga macizai ɗari biyu, kowane a kwalbarsa, kuma dukkansu launinsu ɗaya, fari-fari kamar kunun tsamiya. Wannan kuwa kore ne shar. Ke nan sabon iri ne, ko Turawa ba su san shi ba. Ina roƙon jami'i ya rubuta cewa ni na gano shi."

"Damatsiri ne, Malam," in ji Bahago daga bakin zaure. "Ko a kan dalbejiyar masallaci akwai shi. Rufe da sauri, ba ya zama."

"Ka ji mutanen daji. Maciji in an buɗe shi kwanciya yake yi a naɗe, sai ka gama dubawa. Wata takwas ina buɗe su."

Ya cire faifai gaba ɗaya. Wani koren abu ya gilma kamar walƙiya, ya shige hannun babbar riga.

Malam Jalo ya tsaya cak. Sa'an nan ya yi wani tsalle wanda ba a san yana da shi ba, ya kama juyi kamar mai rawar koroso, yana dukan kansa ta ko'ina. Rigar ta kwashe tebur, tebur ya faɗa kan tukwane. Tukwanen bikin Hajiya huɗu suka fashe a tare.

Kulɓa goma sha biyu suka watsu cikin darduma suna sheƙi. Jan gwada suka bi ƙafafun wanduna suna neman bango. Ɗan mesa ya warware a hankali ya nufi takalman jami'i. Guza kuwa, wanda ya kwana biyu yana tara fushi, ya fito yana huci yana kaɗa wutsiya.

Da Jalo ya yi shiru, da wataƙila maza sun daure. Amma ilimi bai bar shi ba. Yana juyi yana nunawa yana kira.

"Kububuwa! Ga kasa nan ƙarƙashin mai unguwa! Alhaji, kumurci a bayanka, rufe ido!"

Alhaji Haruna ya rufe ido ya ruga zaure. Ƙofar zauren irin ta gidajen birni ce, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a sunkuye. Shi da jami'in Kaduna suka isa tare, suka cushe, ba gaba ba baya, wasu mutum takwas suna tura su, guza yana yi wa na ƙarshe hisabi a ƙwauri. Malam Mamman ya fara jefar da rawaninsa tukuna, sa'an nan ya haye bakin rijiya ya rungume sandar guga. Mai unguwa Ja'afaru, da ya ga zaure ya toshe, ya keta zana da ƙirji ya faɗa cikin mata, ya haye turmin Mero ya tattare riga har gwiwa.

"A kashe! A kashe!" yake cewa. Bai faɗi wanda zai kashe ba.

Mero ta miƙe ta ɗaure zani.

"Matan gida, a kawo kwanduna da tsintsiya."

Ta tako farfajiya, ta sunkuya ta kama ɗan mesa a bayan kai, ta ɗaga shi.

"Jariri ne, ko kaza ba zai iya haɗiyewa ba. Kulu, wannan kulɓa ce, sunanta ne ya ɓaci, ba ta komai, share ta cikin kwando. Binta, bar jan gwada ya hau bango, gidansu ne. Bahago, ka tsaya kallo? Kama guzanka."

Mata suka bazu. Kafin a ce kwabo an kife kwanduna bakwai. Bahago ya jefa wa guza buhu, sa'an nan ya zare jami'i daga ƙofa kamar ana zare ƙaya. Mero ta tare Jalo, ta ce ya cire rigar, ta girgiza ta sau ɗaya. Damatsiri ya faɗo ya bi bango ya haye bedi, bai ko waiwayo ba.

Malam Jalo ya zauna a ƙasa daga shi sai singileti, tabarau a karkace. Ya dubi kwandunan suna motsi, cikin mamaki na gaskiya.

"A wajen likita ba sa motsi," ya ce.

"Na likita matattu ne, Malam," in ji Bahago. "Ruwan kwalba ne ya cinye musu launi."

Jami'i ya ciro littafinsa, ya tambayi sunan matar nan mai kama mesa. Jalo ya fara faɗin nasa sunan, ba a rubuta ba.

Mai unguwa ya sauko daga turmi, ya saki rigarsa, ya koma kujera ya zauna kamar bai taɓa barinta ba. Mata suka koma bayan abin da ya rage na zana. Ya yi gyaran murya.

"Hajiya, kin tuna sharaɗi. Mun ce ko ƙanƙane ne. Wannan kuwa ba ƙanƙane ba ne. Aji ya tashi."

"Ya tashi," in ji Alhaji Haruna, yana riƙe da shaddarsa da ta tsage daga wuya har ƙugu.

Hajiya Umma ta dubi fasassun tukwanenta, ta dubi ƙanenta, ta dubi takardun shaida da suka watsu a ƙasa. Ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, magana taka ce, kuma laifi na gidana ne, ban musa ba. Abu ɗaya nake jiye muku. Matan nan sun riga sun iya wasiƙa. Kulu tana da 'yar'uwa a Kano, Binta tana da ƙanwa a Jos, akwai mai dangi har Sakkwato. Mace da alƙalami a hannu, babu aji, babu aikin da malama ta ba ta, me za ta rubuta in ba abin da idonta ya gani ba? Kuma yau sun ga abubuwa. Sun ga zaure, sun ga rijiya." Ta ɗan dakata. "Sun ga turmi."

Mai unguwa ya gyara zama, Hajiya ta ci gaba.

"In kuwa aji yana nan, wata shida masu zuwa lissafi kaɗai za mu yi. Mai fama da lissafi ba ta da sukunin ba da labari."

Daga bayan zana muryar Kulu ta fito, a ladabce.

"Hajiya, kan sarki guda nawa ake manna wa wasiƙar Kano?"

Mai unguwa ya dubi Alhaji Haruna. Alhaji Haruna ya dubi tsagar rigarsa. Malam Mamman, wanda har yanzu bai saki sandar guga ba, ya gyaɗa kai da ƙarfi.

"Lissafi ilimi ne mai amfani," in ji mai unguwa. "Sau nawa kuke zama a mako?"

"Sau uku, ranka ya daɗe."

"A mai da shi biyar."